Littattafai Uku Masu Baƙon Bango a Kantar Baba

A falon gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi akwai wata kantar katako mai hawa uku, wadda Baba ya sa kafinta ya yi masa tun kafin a haife ni. Hawan sama na Alƙur'ani ne da littattafan addini. Na ƙasa kuma tsofaffin fayil-fayil ne na makarantar da ya koyar. A hawan tsakiya ya jera littattafan Turanci guda ashirin da ɗaya, ƙagaggun labarai na marubutan da, waɗanda ya saya ɗaya bayan ɗaya tun yana saurayi. Kamfani guda ne ya buga su, don haka bangonsu iri ɗaya ne: ruwan toka mai duhu, da farin layi a tsakiya inda aka rubuta suna, babu hoto ko ɗaya. Bangon takarda ce mai ɗan kauri, kana taɓa ta za ka ji kaushi-kaushi.

Baba malamin Turanci ne a sakandare har ya yi ritaya. Mahaifiyata ta rasu ina 'yar shekara huɗu, wajen haihuwar ƙanina, wanda shi ma bai zo da rai ba. Baba bai sake aure ba. Dangi suka yi ta magana har suka gaji suka bari. Yayarsa, wadda nake kira Gwaggo, ita ce ta dawo gidan ta riƙe ni. Ba a zancen mahaifiyata a gidanmu. Ba wai an hana ba ne, amma da zarar an ambace ta sai Baba ya ce Allah ya jiƙanta, ya miƙe ya shiga neman takalminsa.

Duk ranar Asabar da hantsi yakan sauke littattafan nan, ya goge su da tsumma ɗaya bayan ɗaya, ya mayar. Da na iya karatu ya ba ni izinin in ɗauki wanda nake so, da sharaɗi biyu: in wanke hannu, kuma kada littafi ya wuce ƙofar falo.

Ina aji biyu a sakandare na yi wata ƙawa, Kirista ce, iyayenta 'yan kudu ne da ke zaune a Tarauni. Mahaifinta ma'aikacin gwamnati ne, mahaifiyarta kuma nas. A Kano aka haife ta, in tana Hausa ba za ka bambanta mu ba. Ban taɓa ganin mai son karatu irinta ba; ko takardar da aka ƙunshe mana gyaɗa sai ta warware ta karanta. Ranar da ta fara zuwa gidanmu ta ga kantar, sai ta durƙusa a gabanta tana bin sunayen da yatsa. Ni kuwa kaina ya fasu. Na ce mata duk wanda take so zan ara mata, ai na babana ne.

Na farko da na saka mata a jaka ranar Litinin, ta dawo da shi ranar Alhamis, na mayar kafin Asabar. Na biyu ma haka. Da za a yi dogon hutu ta roƙe ni guda uku, ta ce za ta kawo mini su gida cikin mako. Na ba ta. Mako ya wuce ba ta zo ba. Na saci jiki na taka da ƙafa har Tarauni, na tarar da gidansu a buɗe, ana shafa fenti. Mai fentin ya ce mutanen gidan sun tashi shekaranjiya, an yi wa maigidan canjin wurin aiki zuwa Jos. Lokacin babu wayar hannu. Na tsaya a ƙofar gidan har ya tambaye ni ko lafiya.

Da na koma gida na sassauta jerin littattafan, na ɗauko wani ƙamus daga hawan ƙasa na jingina a ƙarshe don ya cike gurbin. Ranar Asabar na laɓe a bayan labulen ɗakin Gwaggo ina leƙe. Baba ya sauke su, ya goge, ya mayar. Ya ɗan jima a tsaye, tsumman yana hannunsa. Daga nan ya ɗaga murya ya tambayi Gwaggo ko kokon ya yi. Bai ce komai ba ranar, bai kuma ce komai ba bayanta. Na saka wa raina cewa bai lura ba, domin hakan ya fi mini sauƙi.

Shekaru suka ja. Na karanta aikin jinya, na samu aiki a asibitin koyarwa, na yi aure a Darmanawa, na haifi 'ya'ya uku. Gwaggo ta rasu, ɗanta da iyalinsa suka dawo gidan suna kula da Baba. Sai idonsa ya fara ciwo. Hawan jinin ido ne, irin wanda ke cin gani a hankali ba tare da zafi ba. Kafin ya yarda in kai shi wurin likita, abin ya riga ya yi nisa. Cikin shekara biyu ya zamana haske da duhu kawai yake bambantawa. Duk da haka bai fasa gugar Asabar ba. Da lalube yake yi.

Wata rana na shiga wani shagon littattafai don in saya wa autana littafin lissafi, sai idona ya faɗa kan ɗaya daga cikin ukun nan. Sunayensu ba su taɓa ɓace mini ba. Na tambayi mai shagon sauran biyun, ya shiga ciki ya fito da su. Sabon bugu ne duka. Ɗaya ja ne mai sheƙi da hoton wata mace ta juya baya, ɗaya shuɗi da zanen jirgin ruwa, na ukun kuma rawaya ne, ya ma fi sauran tsawo. Na ce masa ko yana da masu tsohon bango, ruwan toka. Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai wancan bugun ko ni a hannun malamanmu na gan shi. Yanzu kowane kamfani da irin nasa."

Na saye su. Har yau ina jin kunyar abin da na yi daga nan. Ina mace mai shekara arba'in da 'yan kai, maimakon in kai wa mahaifina in ce ga abin da na yi ina yarinya, sai na jira ranar Juma'a, lokacin da ɗan Gwaggo ya riƙe hannunsa suka tafi masallaci. Na shiga falo na cire ƙamus ɗin, na cusa sababbin a tsakanin tsofaffin. Na ja baya na duba. Ko daga ƙofa mutum ya tsaya zai gane ba 'yan gida ɗaya ba ne. Na ce a raina ai Baba ba ya gani, lissafin dai ya cika.

Washegari ba ni da aiki, na je gaishe shi wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Na tarar da shi a kan darduma, ya miƙe ƙafa, littattafan nan uku suna kan cinyarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana.

"Uwata, zo ki zauna nan," ya ce. Na zauna. Ya shafa bangon jan da tafin hannunsa. "Na yi baƙi a kanta. Santsi gare su kamar leda. Ke kika kawo su?"

Na ce ni ce. Daga nan bakina ya buɗe, na ba shi labarin duka, tun daga ƙawata har mai fenti da ƙamus. Ina magana ina kuka kamar 'yar aji biyun da ta yi laifin. Ya bar ni har na gama.

"Na sani tun ranar," ya ce. "Ashirin da ɗaya ne, na ƙirga sha takwas. Kuma na ga ƙafafunki a ƙasan labule."

"Me ya sa ba ka tambaye ni ba, Baba?"

Ya juya rawayan a hannunsa. "Raina ya ɓaci ranar fiye da yadda kike zato. Na ji tsoron abin da zai fito daga bakina. Na ce bari in huce tukuna. Da na huce kuma sai na ga in na faɗa miki abin da ya tafi, ke ma za ki ɗauki nauyin da ni kaɗai ya ishe ni. Ke kaɗai mahaifiyarki ta bar mini."

Ban gane ba, na tambaye shi me ya tafi.

Ya ce biyu daga ciki ba su dame shi ba. Na ukun ne, wanda yanzu na kawo da jan bango. Ya ce lokacin da ya auri mahaifiyata, aji huɗu ta yi a firamare aka cire ta, amma tana da kaifin kai da son sani. Ita ta ce ya koya mata Turanci, don tana so ta san abin da ke cikin littattafan da yake ɓata lokaci a kansu. Kullum bayan la'asar sukan zauna a barandar tsakar gida, ta karanta shafi ɗaya ko biyu. Duk kalmar da ta yi mata wuya sai ya faɗa mata ma'anarta, ta rubuta da fensir a saman kalmar, da Hausa. Littafi ɗaya tak suka yi, kuma sun fi shekara a kansa.

Nan take na tuna. Na taɓa buɗe littafin ina yarinya, na ga ƙananan rubutun fensir sun cika shi, na ɗauka wani ɗalibin Baba ne ya ɓata masa littafi. Har na ce wa ƙawata ta yi haƙuri da ƙazantar. Ban taɓa ganin rubutun hannun mahaifiyata a ko'ina ba, ashe na riƙe shi a hannuna na saka a jakar wata.

Baba ya laluba ya dafa kaina. Ya ce, "Ban faɗa miki don ki yi kuka ba. Na ga kin girma ne, ni kuma na tsufa."

Ban gaya masa zan nema ba, don kada in sa masa rai. A zauren 'yan ajinmu na waya na fara tambaya. Wata ta ce ta taɓa haɗuwa da ita a wani biki, wata ta ce tana da lambar ƙanwarta. Bayan mako biyu na samu lambarta. Da na kira na faɗi ko ni wace ce, sai ta yi ihu ta kira ni da sunan tsokanar da suke kirana a makaranta. Hausarta ta ɗan yi tsatsa, amma kafin mu yi minti biyar ta dawo. Tana nan a Jos, malamar makaranta ce, mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta tana wurinta.

Da na kawo zancen littattafan sai ta ce wallahi ta yi niyyar kawo su, amma tashin ya zo musu ba shiri, a kwana biyu aka ɗaure kaya. Ta ce ta daɗe tana jin nauyin abin. Ba ta san inda suke ba, sun sake gida sau uku tun lokacin, amma Mama ba ta zubar da takarda, tana da kwalaye a sito. Na gaya mata abin da ke cikin ɗayan. Na ji ta ja numfashi, ta ce in ba ta lokaci.

Kusan wata guda ban ji daga gare ta ba. Ranar da ta kira ina tsakiyar raba magani a ɗakin mata, na fita baranda na ɗauka. Ta ce an samu ɗaya. Na kasa tambayar wanne. Ta ce, "Mai fensir ɗin ne. Ga Mama, tana so ta yi miki magana."

Muryar tsohuwar ta yi rauni, amma na gane ta. Ta ce, "'Yata, ki yafe mana. Ni ce na riƙe shi, ba ƙawarki ba." Ta ce bayan sun koma Jos ta tsinci littafin a cikin kayan 'yarta, ta buɗe ta ga Hausa a saman Turanci. Ita tana jin Hausar kasuwa da ta asibiti, amma ba ta taɓa iya karanta ta ba. Sai ta riƙa bin littafin ta baya: ta karanta Turancin da ta sani, ta duba abin da aka rubuta a sama. Da shi ta koyi karanta Hausa. Ta ce bangon ya yage tun tuni, ita ta yi masa wani. Sauran biyun kuwa ba ta san inda suka shiga ba.

Suka ba wani direba, na je tashar Unguwa Uku na karɓa bayan na tashi daga aikin safe. Damina ce, an yi ruwa, tashar duk taɓo. Direban ya zaro wata baƙar leda daga ƙarƙashin kujerarsa ya miƙo mini, ya juya yana kiran fasinja. Ban iya jira in isa gida ba, a cikin Adaidaita Sahu na kwance ledar. Babu sauran ruwan toka. Da tsohuwar kalandar coci aka yi masa bango, an juya farin bayan waje, ya koma ruwan ƙasa saboda daɗewa. An ɗinke gefen da baƙin zare, kowane ɗinki da ƙullinsa daban, irin yadda muke ɗinke rauni. Ban buɗe cikin ba. Na ga bai kamata in riga Baba ba, ko da yake shi ba zai gani ba.

Na same shi a baranda bayan la'asar. Na ɗora masa a hannu. Ya shafa gaba da baya, ya bi ɗinkin da yatsa.

"Wannan kuma wane baƙon ne?"

Na ce ya buɗe. Ya buɗe, ya murza takardar tsakanin yatsunsa, ya kai ta kusa da hancinsa. Sannan ya miƙo mini ya ce, "Karanta mini. Ba Turancin ba."

Fensirin ya dushe, sai na karkata shafin wajen haske. Rubutun ƙanana ne, a tsaye, tana danna fensir sosai. A shafin farko kusan kowace kalma da tata fassarar: bakin teku, hazo, maraya, ya yi jinkiri. Ina karantawa Baba yana gyaɗa kai. Da muka yi nisa fassarar ta ragu, sai ta fara saka baki a labarin. A gefen maganar wani mutum ta rubuta, "Ƙarya yake yi." Shafi uku gaba ta sake rubuta haka, ta ja layi biyu a ƙasa. A wani wurin, "Allah sarki." A wani kuma, "A tambayi Malam." Malam take kiran Baba. A ƙasan wannan, da wani fensirin da ya fi baƙi, ta ƙara, "Shi ma bai sani ba."

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce gaskiya ne, sunan wani tsuntsu ne na ƙasar Turawa, ya duba ƙamus bai samu ba, ta yi mako tana tsokanarsa. Ban taɓa jin ya yi zancenta da dariya ba sai ranar. Ni kuma ranar na fara sanin cewa mahaifiyata mai barkwanci ce.

Kwana huɗu muka yi muna bin fensirin. A rana ta huɗu na juya wani shafi, ya wuce rabin littafin da kaɗan, na ga babu komai. Na juya na gaba, shi ma fes. Na ce masa rubutun ya ƙare.

"Na sani," ya ce. "A nan muka tsaya. Ta ce bayanta yana ciwo, mu bari sai gobe."

Aka kira magariba, ɗan Gwaggo ya zo ya tashe shi. Da zai miƙe ya ce in zo gobe mu ci gaba daga nan, shi ma tun lokacin bai wuce wannan shafin ba. Haka muka yi. Duk ranar da aiki ya bar ni, nakan biyo ta Gyaɗi-Gyaɗi bayan la'asar in karanta masa shafi goma ko sha biyar. Turancin na da ne, ina tuntuɓe, yana gyara mini furuci kamar ina gaban allo. Mun yi mako uku kafin mu kai ƙarshe. Da na rufe ya ce da mahaifiyata tana raye da ta ji haushi, don mutumin da take cewa maƙaryaci ne bai gamu da komai ba, lafiya lau ya ƙare.

Na tambaye shi ko in kwashe sababbin daga kanta. Ya ce in bar shuɗin da rawayan. Jan kuwa, tunda yanzu muna da biyu, in aika wa mahaifiyar ƙawata, don mun raba ta da nata. Na aika ta hannun direban nan. Mai bangon kalandar bai koma kanta ba, a gefen dardumarsa yake ajiye shi.

Baba ya rasu a shekarar da ta biyo baya, bayan gajeriyar jinya. Ranar addu'ar uku ina zaune cikin mata a tsakar gida, sai aka ce ina da baƙi daga Jos. Ƙawata ce, riƙe da hannun mahaifiyarta, wadda ke dogara sanda. Ban san za su zo ba. Tsohuwar ta yafa mayafi, ta gaisa da kowa da Hausa, ta zauna a kan tabarma duk da an kawo mata kujera. Da mutane suka ragu ta jawo hannuna ta ce akwai abin da take so. Ta ce shekara da shekaru tana karanta rubutun matar nan, tana dariya ita kaɗai, har takan ji kamar ta san ta, amma ba ta taɓa ganin fuskarta ba.

Hoto ɗaya ne da mu, baƙi da fari, a cikin akwatin Baba. Na shiga na ɗauko. Ta sa tabarau, ta riƙe shi da hannu biyu, ta daɗe tana kallo. Mahaifiyata tana zaune a kan kujerar mai hoto, ta ɗaura ɗankwali, tana ƙoƙarin danne dariya.

"Ashe yarinya ce," in ji tsohuwar. "Ni duk zatona sa'ata ce."

Na karɓi hoton na sake dubawa. Shekararta ashirin da huɗu lokacin da ta rasu. Babbar 'yata da ke raba wa baƙi ruwa a bakin ƙofa saura kaɗan ta kai haka. Suka kwana a gidana na Darmanawa, da safe na raka su tasha, na tsaya har motarsu ta cika ta tashi.